Ɗaukar wa manya kaya a NFL: amsa ga ɗan ƙanena

Ɗana, saƙonka ya iso, da fatan karatu da atisaye suna tafiya daidai. Ka ce abokan wasanka a jami'a sun gaya maka duk lainbaka, wato mai tsaron da ke tsayawa a bayan 'yan layin gaba, da ya shiga NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, a shekararsa ta farko shi ke ɗaukar wa manya hular kwano da sulken kafaɗa, shi ke sayo abin taɓawa na ɗakin taro, daga baya kuma a kai shi gidan abinci mai tsada a bar shi da biya. Kana tambaya ko wannan wulaƙanci ne, ko ya kamata mutum ya ƙi. Gaskiya suka faɗa maka, al'adar tana nan. Shawarata ka ɗauki kayan, amma ka san abin da ɗaukar take sayo maka, ka kuma san inda za ka tsaya.

Fara da duba ƙuncin ƙofar. Ƙungiyoyi 32 ne, kowace tana kai mutum 90 sansanin horo a ƙarshen Yuli, kafin Agusta ya ƙare an rage su zuwa 53. A cikin 53 ɗin nan lainbaka galibi shida ne zuwa tara, gwargwadon tsarin tsaron ƙungiya. Yau kuma an fi yin wasa da masu tsaron baya biyar saboda yawan jifa, sai ka ga lainbaka biyu kacal a tsakiyar fili. Ke nan wanda kake ɗaukar wa hula ya san sarai aikinsa ka zo nema. Babu abin da ya wajabta masa ya koya maka komai. Idan ya koya maka, don ya ga ka san girma ne, kamar dai yaron maƙera da ke zuga tun kafin a bar shi ya riƙe guduma.

Abin da ke hannun manya kuwa ba a auna shi a gwajin masu neman shiga gasar da ake yi a Indianapolis, inda ake gwada gudun yadi 40 da ɗaga ƙarfe mai fam 225. Karatun fili ne. Sabon shiga idonsa na kan ƙwallo, shi ya sa ake yaudararsa. Tsohon hannu yana kallon masu gadi biyun da ke layin abokan hamayya, dama da hagun wanda ke miƙa ƙwallo a fara wasa. Idan mai gadi ya taso a sunkuye ya yi gaba, gudu za a yi. Idan ya miƙe ya ja da baya, jifa ce. Idan ya bar gurbinsa ya zagaya ta bayan layi, bi shi, can ƙwallo za ta. Tun kafin a taɓa ƙwallo ma hannun mai gadi da ke ƙasa yana ba da labari: in ya danna nauyinsa a kan yatsu gaba zai yi, in yatsun sun ɗan taɓa ciyawa kawai, baya ko gefe zai nufa. Kuskuren da ya fi cin sababbi shi ne taku ɗaya na banza. Kwatabak, wato mai jifan abokan hamayya, ya yi kamar ya miƙa wa mai gudu ƙwallo, kai ka zabura gaba, shi kuwa ya jefa ta daidai inda ka baro. Na biyu shi ne barin kafarka. Kowane mai tsaro yana da kafa ɗaya tsakanin 'yan layi da aka damƙa masa. Ka bar taka don kwaɗayin kayar da mutum, mai gudu ya juyo ta nan ya ci yadi ashirin, ranar Litinin a haska bidiyon a gaban kowa. Irin wannan ilimi a ranar Talata ake samunsa, ranar hutu, lokacin da manya ke shigowa da kansu su kalli bidiyon abokan hamayya. Wanda suka ce ya zo ya zauna kusa da su ya samu.

Akwai kuma ɗigon kore da ake mannawa a bayan hula. Tun 2008 aka yarda mutum ɗaya cikin masu tsaro ya sa hula mai rediyo, koci ya riƙa faɗa masa tsarin da za a tsaya, kuma sau da yawa lainbakan tsakiya ake ba wa. Ana yanke rediyon idan saura daƙiƙa 15 a agogon da ke ƙirga lokacin da ya rage kafin a taɓa ƙwallo. Daga nan shi kaɗai ne zai gyara tsayuwar mutum goma idan abokan hamayya sun sauya jeri, cikin ihun da ko kansa ba ya ji. Koci ba ya ba da wannan hula ga wanda 'yan ɗaki ba sa sauraron maganarsa.

Kafin ka kai can, rukunin bugun ƙwallo ne abincinka, wato gudu zuwa tare wanda ya cafe bugu. Kada ka raina shi, da shi lainbaka na biyar da na shida suke riƙe gurbinsu. Foyesade Oluokun, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, sai a zagaye na shida na zaɓen sababbin 'yan wasa Atlanta ta ɗauko shi daga Yale a 2018, amma a 2021 da 2022 babu wanda ya kai shi yawan kayar da mutane a gasar. London Fletcher ko zaɓarsa ba a yi ba a 1998, ya yi shekara 16 bai rasa wasa ko ɗaya ba.

Batun liyafa ne ya fi bukatar lura. A 2010 Dez Bryant, mai cafe jifa ne shi a Dallas, ya ƙi ɗaukar wa wani babba sulke a sansanin horo. Da liyafa ta zo aka bar shi da bashin kusan dala dubu 55. Shi ɗan zagayen farko ne, aljihunsa ya ɗauka. Mafi ƙarancin albashin sabon shiga a 2024 dala 795,000 ne, ka ji kamar tsiya ta ƙare, amma haraji zai ci kaso mai tsoka, wakili ya karɓi har kashi 3 cikin 100, kuma yawancin kuɗin ba lamuntacce ba ne: ranar da aka sallame ka biya ya tsaya. Fansho sai ka cika kaka uku, da yawa kuma ba sa kaiwa. Don haka tun sati na farko ka sami babba cikin lainbakan ƙungiyarku ku yi magana ku biyu, ka tambayi yadda ake raba kuɗin tsakanin sababbi, ka yanke abin da za ka iya. A nan ne kuma za ka gaya masa kai Musulmi ne, za ka biya abinci da zuciya ɗaya amma ba za ka biya giya ba. Maganar da aka yi tun da wuri a keɓe tana samun gurbi. Wadda aka tayar bayan an kawo takardar biya rigima take zama.

Inda za ka tsaya a fili yake. Waƙa a gaban 'yan ƙungiya, ɗaukar kaya, sayo abinci, duk ka yi da fara'a. Zagin iyaye ko addini ko launin fata, barazana, tilasta maka ba da kuɗin da ba na liyafa ba, waɗannan zalunci ne, ka kai wa kocin lainbaka ko wakilin ƙungiyar 'yan wasa da ke cikinku. A 2013 wani matashi ya bar Miami a tsakiyar kaka saboda irin wannan, binciken da NFL ta sa aka yi ya tabbatar an ci zarafinsa, har wani koci ya rasa aikinsa.

Al'adar da na fi ji maka tsoro ma ba ka ambace ta ba, wato ɓoye ciwo don kada a ce kai rago ne ko wani ya gaje gurbinka. Wannan ka ƙi ta ko wa ya zuga ka. Junior Seau ya yi shekara 20 a gasar, bayan rasuwarsa a 2012 aka gano cutar da yawan bugun kai ke jawowa a ƙwaƙwalwarsa. Luke Kuechly ya ajiye wasa yana da shekara 28 bayan ya sha buguwar kai. Ryan Shazier na Pittsburgh ya shiga kayarwa da kai a sunkuye a Disambar 2017, ya ji rauni a kashin baya, bai sake buga wasa ba. Kullum idonka ya ga abin da za ka buga, kanka ya wuce ta gefen jikin mutum, kafaɗa ta daka, hannaye su rungume cinyoyi, ƙafafu su ci gaba da turi. Idan ka tashi kana ganin dishi-dishi, ko haske yana damunka, ko ka manta tsarin da aka kira yanzun nan, ka nufi likita da ƙafarka kafin a sake taɓa ƙwallo. Wannan tun yanzu a jami'a za ka fara shi. Ka gaida mahaifiyarka, Allah ya tsare mana kai.