Fom ɗin da ya ƙi sunan Mu'azu

Wai don me na ce ka rushe fom ɗin rajistar nan alhali yana tafiya sumul a kwamfutarka? Yaro, kai za ka cike shi? Manomi ne daga Ganjuwa, da waya mai fasasshen gilashi da sabis sanda ɗaya.

Wani ofishi a nan Bauchi ya taɓa ba shagon nan aikin rajistar manoma. Wanda ya riga ka zama kujerar nan ya kwafo ƙa'ida daga intanet ya liƙa a gurbin suna: daga A zuwa Z kawai. To ina Mu'azu? Ina Sa'adatu? Duk mai alhamza a sunansa fom ya tofar da shi, da jan rubutun Turanci wanda bai faɗi laifin ba. Cikin ƙananan hukumomi 20, sunayen Jama'are da Itas/Gadau suka ƙi shiga fom ɗin. Ma'ajiyar bayanan ba a kan UTF-8 take ba, wato tsarin adana rubutu da ke gane haruffa irin namu, sai ƙ da ɗ suka koma alamar tambaya. Mutane suka riƙa cire alhamza don su wuce, wajen tantancewa sunan ya saɓa da na takardunsu. Jami'in da ya sa hannu cewa ya gwada, alhali ko buɗewa bai yi ba, shi ya riƙe ragowar kuɗin. Mako biyu ana gyara kyauta, jami'in ya ɗauki gyararren aikin ya miƙa wa ɗan'uwansa. Allah ya isa.

Yadda ake ɗora shafi ba zan ɓata yawuna a kai ba. Riƙe waɗannan. Lambar waya ka adana ta a matsayin rubutu, in ba haka ba sifirin farko ya faɗi. NIN lamba 11 ce, ka ƙirga wa mai cikewa tun yana bugawa. Kada ka ce waya ɗaya mutum ɗaya, gida guda kan yi tarayya a layi ɗaya. Lambar sirri ta tes ta yi minti goma kafin ta mutu. Kowane shafi ya adana kansa, don in sabis ya ɗauke kada a koma farko. Hoto in ya yi nauyi, shafin ya matse shi, ba a kori mai shi ba.

Ku yaran yanzu launi da walƙiya kuka sani. Kunna TalkBack, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke fuskar waya, ka rufe ido: duk gurbin da bai faɗi sunansa ba, makaho ya tsaya nan ke nan, ga dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman tun 2019 aka sa mata hannu. Mai ƙaramar waya kuma a buɗe masa hanyar USSD, irin *346# ta NIN.

Ɗauki tsohuwar wayar da ke aljihun teburin nan ka tafi kasuwar Muda Lawal. Miƙa wa dattijo, ka naɗe hannu, ka rubuta duk inda ya tsaya. Ka dawo kafin la'asar.