Gwaggo ce ta riƙe ni: in je in ga wadda ta haife ni?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gwammaja, shekaruna 31, 'ya'yana uku. Akwai wani wasan barkwanci na Amurka da muke kallo da daddare: wata mata ce aka ɗauke ta riƙo tun tana jaririya, sai da ta girma ta gano mahaifiyarta, ta je ta same ta, ana ta shirme ana dariya. Yarana suna ƙyalƙyalawa, ni kuwa hawaye nake ɓoyewa. Ni ma gwaggona ce ta ɗauke ni da aka yaye ni, bayan auren iyayena ya mutu. Mahaifiyata ta yi aure a Funtuwa, ban taɓa ganinta da wayona ba. Kwanan nan wata 'yar uwa ta ba ni lambarta. Ina son zuwa, amma ina tsoron ɓata wa Gwaggo, wadda nake kira Umma. Yaya zan yi? Kuma me ya sa suke mai da abu irin wannan wasa?

Wata 'yarki, Gwammaja, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Ki je. Amma ta ɗakin Umma za ki bi kafin ki kama hanyar Funtuwa.

Bari in fara da wasan, tunda shi ya taso da maganar. A Amurka, a jihohi da dama, in aka ɗauki jariri riƙo ta hanyar kotu, akan rufe takardar haihuwarsa ta asali, a buga sabuwa da sunan waɗanda suka ɗauke shi, kamar su suka haife shi. A Ingila ma sai da dokar 1975 ta zo wanda aka riƙa ya samu 'yancin ganin takardarsa ta asali in ya cika shekara 18. Shi ya sa mutum zai yi furfura bai san sunan mahaifiyarsa ba. Masu shirya wasa suna ɗaukar baƙi biyu da jini ya haɗa, murya ɗaya, tafiya ɗaya, tarbiyya daban, su zaunar da su a falo guda, dariyar ta fito daga nan. Ban ga laifinsu ba, wani ciwon sai da dariya ake iya taɓa shi. Sai dai su a rabin awa suke sasanta komai, kuma an rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Ke ba wanda ya rubuta miki.

Namu riƙon daban ne. Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, ta hana a jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba. Zaidu ɗan Harisa da ake kira ɗan Muhammadu, sunan mahaifinsa aka mayar masa. Saboda haka ɗan riƙo a wurinmu yana nan da asalinsa, yana gadon iyayensa na jini, mai riƙonsa kuma in ta so ta yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarta ba. Ke kin san sunan mahaifinki, kin san garin da mahaifiyarki take. Zumunci ne aka bari ya yi tsatsa, kuma sada shi wajibi ne a kanki.

To ga Umma. Matar nan ita ta yi miki tsarki, ita ta kwana a zaune da kika yi ƙyanda, ita ta shiga Kantin Kwari da Kasuwar Rimi tana haɗa kayan ɗakinki. Abin da zai soke ta shi ne ta ji a bakin wani cewa kin je kin dawo. Ki zaɓi lokacin da gidan ba kowa, bayan la'asar, ki durƙusa ki ce, "Umma, na samu lambar Innata, ina neman izininki da albarkarki." In ta yi shiru ko ta yi kuka, kada ki ja maganar, ki bar ta ta kwana da ita. Sau da yawa irin waɗannan iyaye su ne ma suke ƙulla tsarabar da hannunsu. Ki tuna kuma ita 'yar uwar mahaifinki ce, wataƙila akwai ɗacin rabuwar nan a ranta har yau. In ta fara ba ki labarin laifin wane ne, ki saurara da ladabi, kada ki zama alƙali. Maigidanki ma ya sani tun farko, da izininsa za ki fita.

Akwai abin da nake so ki shirya masa, don na ga ya karya zuciyar mata da yawa. A wasan da kike kallo ana rungume juna ana ihu. Ke kina iya zuwa mahaifiyarki ta amsa gaisuwarki a taƙaice, ta kau da kai, ta shige madafa. In ke ce 'yar farinta, kunya ce. Matan zamaninta ko sunan ɗan fari ba sa kamawa. Ga nauyin shekarun da ta yi ba ta neme ki ba, ga mijinta da 'ya'yanta suna kallo. Ki lura da abin da za ta zuba miki a kwano, da yadda za ta ɗauki ƙaramin ɗanki ta goya. Da jika ba a kunya, shi ya sa nake so ki tafi da yaran.

Kada ki faɗa mata kwatsam. A fara aika babba, kawu ko wata dattijuwa da ɓangarorin biyu suke ganin girmanta, ta yi waya ta sa rana. Ki riƙe atamfa da turare da goro, ki ƙara da ɗan abin da za a raba wa ƙannenki na can. Tambayar "me ya sa kika bar ni" ki ajiye ta, ba ta zuwan farko ba ce. A wancan lokacin dangin uba sukan karɓe yaro da zarar an yaye shi, uwa ba ta da ta cewa, kuma yana yiwuwa abin da ya faru ke nan. Ki yini, in an matsa ki kwana ɗaya. Da kin shigo Kano, gidan Umma za ki fara sauka da tsarabar Funtuwa kafin ki wuce Gwammaja.

Ki rubuto mini yadda kuka yi, Allah ya sa a dace.