Tambayi Anti: Wane lilo za mu hau, ga Hajiya ga yaro mai tsoro?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ni 'yar Damagaram ce aure ya kawo ni Faransa, shekara shida kenan muna zaune a gefen birnin Faris. Mahaifiyar maigidana ta zo mana ziyara, shi ne ya ce in yara sun samu hutu zai kwashe mu gaba ɗaya ya kai mu Disneyland, babban wurin wasan nan na kusa da Faris. Yaran uku ne, babbar shekararta tara, mai bi mata biyar, sai auta da bai cika uku ba. Toh Anti ga inda damuwar take, Hajiya tana da hawan jini da ciwon gwiwa, ni kuma ko mota ce ta cika kwana sai zuciyata ta tashi, ɗan biyar ɗin nan kuwa ko fitila aka kashe masa sai ihu. Tikiti kuma ba arha ba, bana so a biya kuɗi mu je mu ƙare a 'yan riƙon jaka. Dan Allah wanne da wanne za mu iya hawa?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka wa maigida da alheri. Ki kwantar da hankalinki, wurin nan akwai abin da ya ishe ku wuni guda ba tare da kowa ya yi ihun tsoro ba.

Amma kafin in lissafa miki ki lura da gidan naki, mutum uku ne kuma kowa da abin da jikinsa ba ya so. Hajiya fizga da faɗowa ne matsalarta, ke juyi ne, shi kuma yaron duhu ne da ƙara. Shi ya sa in wata ta ce miki ai wancan mai sauƙi ne ku hau kawai, ki tambaye ta mai sauƙi ga wa? Akwai lilon da tafiyarsa kamar ta hawainiya amma cikinsa duhu ne da fatalwa, Hajiya zata fito lafiya lau yaro ya fito yana makyarkyata, akwai kuma wanda yake fili tas da rana ga kiɗa mai daɗi, yaron yana dariya ke kina neman leda.

Abin da ya fi ruɗin iyaye shi ne allon tsayin da ake kafawa a bakin layi. Uwa zata ga ɗanta ya kai sai ta ce toh ai na yara ne. Kinga Tower of Terror, wani dogon gini ne da ake zaunar da mutane cikin lif a ɗaga su sama a sako su ƙasa a sake ɗagawa a sake saki, tsayin da suke nema santimita 102 ne kacal, kuma yawancin yara suna kai haka tun suna shekara huɗu. Allon nan abin da yake aunawa shi ne ko ƙarfe da bel zasu riƙe jikin yaro, babu ruwansa da ko zuciyarsa zata ɗauka. Haka Crush's Coaster, daga waje zaki ga hoton kunkuru yana murmushi ki zaci abin jarirai ne, alhali jirgi ne mai gudu a cikin duhu kuma kujerar tana juyawa tana tafiya, santimita 107 suke nema. Wannan ya haɗa abin da ku ukun duk ba kwa so, ku wuce shi kawai. Su Hyperspace Mountain mai santimita 120 da Indiana Jones mai 140 kuwa kifa mutum suke yi kai a ƙasa, ba ma sai na tsaya a kansu ba.

Filin biyu ne a wurin, akwai babban da aka buɗe a 1992 mai fadar nan da ake gani a hoto, sai na biyun da aka ƙara a 2002. Ni dai shawarata ku yanki tikitin babban kaɗai, ya fi sauƙin kuɗi kuma yawancin masu laushin a can suke, ga shi gwiwar Hajiya ba zata so zirga-zirga tsakanin fili biyu ba. Auta tunda bai cika uku ba kyauta zai shiga.

Ku fara da it's a small world. Kwalekwale ne babba da zai ɗauke ku dukanku, yana tafiya a hankali a kan ruwa kusan minti goma, ko'ina haske, ga 'yan tsana ɗaruruwa sanye da kayan ƙasashe daban daban suna rawa. Ba gangara ba fizga. Abu ɗaya kawai, wajen shiga sai an ɗan taka ƙasa an sauka cikin kwalekwalen, toh maigida ya fara shiga ya miƙa wa Hajiya hannu, kar ku ji kunyar layin da ke bayanku, ma'aikatan sun saba jiran dattawa. Kusa da shi akwai Le Pays des Contes de Fées, shi ma kwalekwale ne amma a fili, ana bi ta gefen ƙananan gidaje na tatsuniya. Sai jirgin ƙasa mai tururi da yake zagaye filin, wannan hutu ne ma ga ƙafa, da babban jirgin ruwa Molly Brown da yake kewaya tafki, mutum yana zaune yana shan iska. In kuka yi waɗannan huɗun kuka kalli faretin da ake yi da rana, wallahi Hajiya ta ga abin da zata je gida tana ba da labari.

Ke kuma bari in gaya miki dalilin tashin zuciyar don ki san abin gudu. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da suke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana motsi, in abin da suka faɗa ya saɓa da abin da ido ya gani sai jiri ya taso sai amai. Shi ya sa abu biyu ne abokan gabarki, mai juyi a wuri ɗaya da kuma mai allon kallo. Kofunan shayin nan na Mad Hatter, kyawawa da su, akwai wani faifai a tsakiyar kowane kofi da yara suke murzawa don ya ƙara juyi, in kika shiga da 'yar tara ɗin nan ba zata raga miki ba, ki bar su da babansu. Star Tours kuma ɗaki ne da yake girgiza kuna kallon allo kamar kuna yawo a sararin samaniya, shi ma ba naki bane ba na Hajiya ba. Dumbo, giwayen nan masu tashi, zagaye yake yi amma a hankali kuma akwai ɗan hannu da ke kanki zaki ɗaga ko ki sauke giwar, zaki iya gwadawa da yaron, ki bar ta a ƙasa ƙasa ki kafa idonki a kan abu mai nisa, kar ki riƙa kallon waya. Kar ki hau da yunwa kar kuma ki hau kin cika ciki da maiƙo, wasu ɗan tauna citta yana taimaka musu.

Na yaron shi ne na fi so ki kula. Akwai na Blanche-Neige, ba a neman tsayi, ba ya gudu, sunan ma na gimbiya ne, amma yawancin hanyar daji ne mai duhu mayya tana fitowa tana ƙyaƙyata dariya, ƙananan yara da yawa da kuka suke fitowa. Phantom Manor gidan fatalwa ne da ƙwarangwal. Na 'yan fashin teku, Pirates of the Caribbean, yana da duhu da ƙarar igwa da 'yar gangara sau biyu. Duk ukun ki ajiye masa sai ya ƙara girma. Peter Pan ma da ɗan duhu amma mai taurari ne da fitilun gari a ƙasa, wannan ki nuna masa bidiyonsa a YouTube tun a gida, in ya ce zai hau toh, in ya noƙe kafaɗa a kyale shi. Ki fara masa da dawakan da suke zagaye da ɗan jirgin Casey Jr. Kuma wasan wutar da ake yi da dare lokacin tashi yana da ƙara sosai, ku tsaya daga nesa ko ku kama hanya kafin a fara, dama jirgin ƙasa na RER A da zai mai da ku daga tashar Marne-la-Vallée Chessy cika yake yi bayan an tashi.

Kar kuma a danne hakkin babbar, ita mai yiwuwa gudun take so. Babanta ya kai ta Big Thunder Mountain, jirgi ne da ake neman tsayin santimita 102, yana da gudu da fizga yana kuma bi ta ƙarƙashin tafki cikin duhu amma ba ya kifa mutum. Ku kuma ku samu benci ku sha ruwa kafin su fito.

Akwai hayar keken marasa lafiya a kusa da ƙofar shiga, na san halin iyayenmu zata ce ita da ƙafarta, toh a bar maigida ya lallaɓa ta tun a gida, tafiyar wurin tana da yawa fiye da yadda ake zato. Ta sha maganinta ta kuma riƙe shi a jaka. Sannan ku duka ku soke bakin mayafi cikin riga ko ku sa hijabin da ba ya jan ƙasa kafin ku hau duk wani abu mai motsi.

Tambaya:

Anti ina wuni. Ni uba ne daga Kaduna. Sallar bara na kai yarana wurin wasa, na ɗora 'yata mai shekara shida a lilon nan mai kama da kwalekwale da yake zuwa gaba ya dawo baya, tana ta kuka ni kuma na ce ta daure tunda an riga an biya. Har yau in aka ce wurin wasa sai ta ɓuya. Ya zan yi bana?

Amsa:

Lafiya lau Malam, kuma na ji daɗi da abin ya dame ka har ka rubuto. Ka fara da ba ta haƙuri, ka ce mata bara Baba ya yi kuskure, bana ke zaki zaɓa. Yarinya 'yar shida tana gane wannan sarai.

Lilon kwalekwalen nan mutane suna raina shi don ba ya zuwa ko'ina, amma duk sanda ya kai ƙarshe ya juyo sai mutum ya ji cikinsa ya tashi sama kamar zai faɗi, kuma kujerun gefe biyu na ƙarshe sun fi na tsakiya tashi nesa ba kusa ba. Na taɓa tsayawa a bakin irinsa ranar yawon sallah ina kallon wata yarinya da lalle a hannu da sabon takalmi, ta runtse ido ta ƙanƙame ƙarfen har yatsunta suka yi fari, yayyenta suna ta shewa, ita ko kukan ma ta kasa sai da aka tsaya. Tun ranar in na je da yara sai mun tsaya mun kalli zagaye ɗaya cikakke tukunna, kuma fuskar masu sauka nake kallo, musamman sa'annin yaron da ke hannuna.

A wurarenmu sau da yawa ba allon tsayi ba gargaɗi, toh kai ne allon. Ka duba ko bel ɗin yana kullewa da gaske, ka ja ƙarfen da hannunka ka ji, ka ga ko mai kula da injin yana wurin idonsa a kan yara, ka tambaye shi tun kafin a fara ko zai tsayar in yaro ya tsorata. In an cusa yara fiye da kujeru saboda cunkoson sallah kar ka sa naka. Babban lilon nan mai kama da ƙafar keke a hankali yake tafiya amma yana tsayawa da mutum a can sama lokacin da ake loda wasu a ƙasa, in wuta ta ɗauke kuma sai an jira janareta, don haka bana ba nata bane. Ka kai ta ɗan jirgin ƙasa ko dawakai, ka tsaya inda zata riƙa ganinka duk zagaye kana ɗaga mata hannu. In ta ce kallo kawai zata yi, ka saya mata askirim ku zauna ku yi kallon. In da hali ma ku bari sai kwana uku ko huɗu bayan sallah, da safe, lokacin ba turmutsutsu.

Tambaya:

Anti ina da ciki wata huɗu, ko zan iya shiga motocin karo da yarana? Ai ba gudu suke ba.

Amsa:

A'a ƙanwata, kar ki shiga. Ba gudun ne abin tsoro ba, karon ne, wani zai buge ki ta baya ba shiri ki fizgu gaba, bel ko sitiyari ya daki cikin. Haka duk wani mai faɗowa ko fizga ko juyi da ƙarfi. Ki samu ƙanwarki ko babansu ya shiga da su, ke ki zauna a inuwa da ruwanki ki ɗauke su hoto, in kina son hawa wani abu tare da su ɗan jirgin ƙasa mai tafiya a hankali ya isa, shi ma ki fara tambayar likitarki ranar awo. Allah ya raba lafiya.