Group ɗin gidanmu ya koma fagen faɗa, ya zan yi?

Tambaya: Malam ni malamar firamare ce a Ƙofar Ƙaura. Ƙanena kullum sai ya turo bidiyon gawarwaki a group ɗin gidanmu na WhatsApp yana cewa duk Bafulatani ɗan bindiga ne, alhali kakarmu Bafulatana ce. Wallahi na fara cire rai da mutanenmu.

Amsa: Malama kar ki cire rai. Kashe-kashen Batsari da Jibia gaskiya ne, yaran Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 ba wanda ya manta, to zafin da ƙanenki ke ji yana da tushe, maganin da ya ɗauko ne gurɓatacce. Facebook da TikTok abin da ke tsayar da mutum yana kallo shi suke ƙara turowa, kuma ba abin da ke tsayar da mutum kamar fushi, shi ya sa mutum goma masu zagi sai su cika miki waya ki ɗauka duk Katsina ce, alhali gobe a kasuwa za ki ga mai nono da mai fura suna ciniki suna raha.

A aikina na tantance labarai na sha ganin hoton wata ƙasa an liƙa mashi sunan ƙauyenmu. Ki sa hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, ki ga inda ya fara fitowa, ko ki leƙa Dubawa, shafin tantance labarai. In kin ga alamar an yi ta turawa a saman saƙo, ki dakata.

Ni abin da ke ƙarfafa mani gwiwa maganar foliyo ce. A 2003 jita-jitar cewa allurar na hana haihuwa ta sa aka dakatar da rigakafi a Kano, cutar ta sake bazuwa, amma a 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar daga Najeriya. Su wa suka yi aikin? Sarakuna da limamai da masu unguwa da matan da ke shiga gida-gida, wato fuskar da aka sani.

To ke ce wannan fuskar ga ƙanenki. Kar ki ƙaryata shi a group, kunya za ta sa ya ƙara kafewa. Ki kira shi gefe bayan Magariba ki fara jin mi ke cin shi, ki tuna mashi aya ta 6 ta Suratul Hujurat mai umarni da a bincika labari, sannan ki ce ya raka ki gaida kaka ranar Juma'a.