Hoton gidan Galle da na saya, na 1590 ne ko jabu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Beljiyam, kuma na sayi wani tsohon hoton bugu a hannun dillali, wanda ke nuna yadda ake matse rake ana dafa sukari, daga jerin da ake kira Nova Reperta. Dillalin ya ba ni takardar shaida cewa bugun 1590 ne na gidan Galle, wato dangin masu sassaƙa da buga hotuna na birnin Antwerp. Da na duba wanda ke wani gidan tarihi sai na ga sunan Philips Galle ne a ƙasan nasu, nawa kuwa an rubuta Ioan. Galle, kuma nawa ya fi koɗewa. Kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne, hankalina a tashe yake. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bisa abin da ka bayyana, mai yiwuwa hotonka ba jabu ba ne, amma takardar shaidar da aka haɗa ka da ita ƙarya ce tsagwaronta. Joannes Galle, wanda sunansa ke kan hotonka, an haife shi ne a 1600, don haka babu yadda za a yi ya fitar da hoto a 1590. Jikan Philips Galle ne, kuma shagon gidansu da ke Antwerp bai zo hannunsa ba sai bayan rasuwar mahaifinsa Theodoor a 1633.

Ka riga ka san cewa sunayen da ke ƙasan irin wannan hoto aiki uku suke rabawa, wato wanda ya zana, da wanda ya sassaƙa zanen a farantin jan ƙarfe, da wanda ya buga ya sayar. Jan van der Straet, mutumin Bruges da ya zauna a Florence, shi ya zana Nova Reperta, Philips Galle kuma ya fitar da jerin a wajajen 1590. Sunan mai fitarwa shi ne yake sauyawa, domin farantin dukiya ce da ake gado. Philips ya rasu a 1612, farantansa suka bi hannun magada har suka iso ga Joannes, kuma wanda ya karɓa yakan goge sunan na gabansa ya sassaƙa nasa. Gidan ma gaba ɗaya a kan wannan sana'a aka gina shi, har da auratayya, domin Adriaen Collaert da Karel de Mallery, masassaƙa biyu da suka yi aiki a shagon, 'ya'yan Philips suka aura, Theodoor kuma ya auri jikar Christophe Plantin, babban mai ɗab'in littattafai na birnin.

Yanzu bari in tsaya a kan kuskuren da ya ci kuɗinka, domin kusan kullum sai an kawo mini irinsa, kuma na gaji da ganin yadda ake cutar mutane da shi. Jama'a sun ɗauka cewa shekarar da aka sassaƙa faranti ita ce shekarar takardar da ke hannunsu. Wannan ba gaskiya ba ne ko kaɗan. Farantin kamar hatimi yake, idan an sassaƙa shi yau za a iya ci gaba da buga shi bayan mai shi da jikokinsa sun kwanta dama, kuma duk abin da ke jikinsa, suna ne ko shekara, haka zai riƙa fitowa muddin ba a goge shi ba. A birnin Faris, sashen bugu na gidan tarihin Louvre, wanda aka kafa a 1797, har gobe yana buga hotuna daga tsofaffin faranta, kuma a cikin taskarsa akwai farantan hotunan fuskoki na mai zane Van Dyck waɗanda masassaƙan Antwerp suka yi a ƙarni na 17. Hoton da aka buga a can bara daga faranti na asali ya fito, amma babu mai hankalin da zai biya shi kuɗin bugun farko.

Koɗewar da ka lura da ita kuwa ita ce shaidar da ta fi takardar dillali gaskiya. Jan ƙarfe yana da taushi, kuma duk lokacin da aka shafa tawada aka goge, aka kuma matse farantin a injin bugu, wani abu yana raguwa daga jikinsa. Siraran layuka su ne ke fara ɓacewa, sai inuwa ta yi fari-fari, fuskoki su rasa zurfi, hoton ya zama toka-toka maimakon baƙi mai ƙyalli. Idan abin ya yi yawa sai a kira wani masassaƙi ya sake bin layukan, kuma hannunsa ba safai yake kai na farko ba. Saboda haka ne bugun zamanin Philips da na zamanin Joannes ba su taɓa zama kuɗi ɗaya ba, ko da yake faranti ɗaya ne ya haife su. Dillalan da ke wannan kasuwa sun san haka sarai. Wanda ya rubuta maka 1590 alhali sunan Joannes yana gabansa, ko dai bai iya sana'arsa ba, ko kuwa ya san abin da yake yi, kuma duka biyun ba su ba shi damar riƙe kuɗinka ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne takardar shaidar nan mai tambari da sa hannu, wadda shi mai sayarwa ne ya rubuta wa kansa, amma mai saye yana ganinta sai ya daina duba hoton.

Saura ka tabbatar da cewa takardar da aka buga hoton a kai ta zamanin Joannes ce, domin a ƙarni na 19 an yi kwaikwayon tsofaffin hotuna ta hanyar ɗaukar hoto a kan sabon faranti, kuma wasunsu suna ruɗar ido ƙwarai. Ka cire hoton daga firam, ka ɗaga shi a gaban haske. Takardar wancan zamani tana nuna siraran layuka a jere da wasu masu tazara da suka ratsa su, sau da yawa kuma da tambari a cikin jikinta, irin yadda masu nazarin tsofaffin rubuce-rubucenmu na hannu ke gane takardar Italiya mai jinjirin wata uku. Idan ka ga takarda sumul babu layi, to ba ta girmi tsakiyar ƙarni na 18 ba. Ka duba bayanta ko akwai tambarin wani kamfani, sannan ka sa madubin ƙara girma a kan layukan, domin na sassaƙa suna da kaifi, kuma tawadarsu ta ɗan taso daga takarda.

Bayan haka ka je ɗakin adana hotunan bugu na gidan tarihin Plantin-Moretus da ke Antwerp, tunda kana ƙasar, ka nemi kundin Hollstein, inda aka jera sauye-sauyen da aka yi wa kowane faranti. Ka kwafi shafin, ka koma wa dillalin da shi tare da shekarar haihuwar Joannes, ka nemi ya mayar maka da kuɗinka ko ya rage farashi zuwa na bugun baya. Kafin nan kada ka wanke hoton, kada ka datse gefensa, kuma kada ka bari wani ya ƙara masa tawada da sunan gyara, domin da zarar an taɓa shi dillalin ya sami hujjar ƙin karɓa.