Amsar Kawu kan rangadin Sarkin Tonga

Salamu alaikum 'yata, ya karatu? Kin tambaye ni me zai sa sarki guda ya bar fadarsa a Nuku'alofa, babban birnin Tonga, ƙasar tsibirai da ke Tekun Pasifik, ya bi tsibirai don kallon doya, ko yawon shan iska ne kawai. A'a, abin yana da tushe.

A zamanin da, mutanen Tonga ba sa cin sabuwar doya sai an kai ta fari ga babban sarkinsu, Tu'i Tonga, a garin Mu'a. Bikin sunansa inasi, kuma ibada ce a wurinsu, don sun yarda albarkar gona daga alloli take biyowa ta hannun sarki. Kyaftin Cook, Baturen Ingila mai yawon bincike a teku, ya ga irin wannan taro a 1777. Da Kiristanci ya kafu, inasi ya mutu, amma doya ba ta rasa darajarta ba, musamman doguwar nan da suke kira kahokaho, wadda ake kai wa manya.

Yanzu tafiyar ta juya. Sarki Tupou na Shida, wanda ya hau mulki a 2012, shi ke zuwa tsibiran Vava'u da Ha'apai da 'Eua har da Niua masu nisa, ya buɗe baje kolin amfanin gona, ya zaga rumfuna, a ba gwanaye kyauta. Maza su jera doya da gwaza da rogo da kifi, da aladu ma, tunda ba Musulmi ba ne. Mata kuma su shimfiɗa tabarmi na saƙar hannu da zannuwan ɓawon itace da suka buga suka yi wa zane. Kada ki raina na matan, shi ne dukiyar da ake fitarwa ranar aure da ranar mutuwa. Za ki ga kowa ya ɗaura tabarma a ƙugu bisa tufafinsa, ladabi ke nan, kuma a gaban sarki zama ake yi a ƙasa.

Ga abin da ni na fi ba muhimmanci. Tun tsarin mulkin 1875 filayen ƙasar Tonga na sarauta ne, ba a sayar da su. Doka ta ba namiji mai shekara 16 haƙƙin gona ta eka takwas da kwata, ko da yake yau filin ba ya isar kowa. To mai ƙasa ne ya zo ganin abin da aka yi da ƙasarsa, shi ya sa manomi ke ware doyar da ta fi kyau tun tana cikin kunya.

Ki gaida mamanki da ƙannenki.

Kawunki