Me ya hana Amurka da Japan neman gafarar juna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk shekara in Agusta ta kama muna jin ana juyayin bam ɗin Hiroshima da Nagasaki. An ce mini har yau Amurka ba ta ba Japan haƙuri ba, ita ma Japan ɗin ba ta nema ba. Shin haka ne? In haka ne, tsoro ne ya rufe bakin Japan, ko ita ma da abin da take ɓoyewa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Haka ne, ɗan'uwa. Barack Obama ne shugaban Amurka na farko da ya taka Hiroshima yana kan mulki, ran 27 ga Mayu 2016. Ya ajiye furanni, ya rungumi wani dattijo cikin waɗanda suka tsira, amma bai nemi gafara ba. A Disamban shekarar firaministan Japan Shinzo Abe ya je Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawaii, ya yi ta'aziyya, shi ma iyakarsa ke nan.

Kowannensu da inda yake ɗauko labarin. Ba'amurke daga 7 ga Disamba 1941 yake farawa, ranar da jiragen Japan suka auka wa Pearl Harbor ba sanarwa, suka kashe mutum fiye da 2,400. A wurinsa Japan ce ta tono faɗa, bam kuwa shi ya kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya tserar da sojojin da za su mutu in da an shiga Japan ta ƙasa. Bajapane kuma daga 1945 yake farawa: daren 10 ga Maris da aka ƙone Tokyo, mutum wajen 100,000 suka halaka, sai Hiroshima ran 6 ga Agusta, inda kimanin 140,000 suka mutu kafin shekara ta fita, sai Nagasaki bayan kwana uku da wasu kimanin 70,000. A binciken da cibiyar Pew ta yi a 2015, kashi 56 cikin ɗari na Amurkawa sun ce jefa bam ɗin daidai ne, a Japan kashi 14 ne kawai suka ce haka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yadda Amurka ke kaffa-kaffa da nata labarin ya fito fili a 1995. Gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington ya shirya nuna Enola Gay, jirgin da ya jefa bam ɗin Hiroshima, tare da hotunan waɗanda suka ƙone da kuma muhawarar masana kan ko jefawar ta zama dole. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka yi caa, aka soke shirin, daraktan gidan ya ajiye aiki, aka nuna jirgin ba tare da waɗannan bayanai ba. Alhali muhawarar ta gaske ce: masana tarihi da dama na ganin shigar Tarayyar Soviet yaƙi da Japan ran 8 ga Agusta 1945 ta yi tasiri sosai wajen sa ta miƙa wuya. Ni dai a nawa ganin, ƙone gari da mata da yara a ciki zalunci ne, ko me ya gabace shi.

Sai dai Japan ba ta isa ta tsaya a matsayin wadda aka zalunta kawai ba. Ta mallake Koriya daga 1910 zuwa 1945, ta mamaye Manchuria a 1931, kuma a Disamban 1937 sojojinta sun yi kisan gilla da fyaɗe a Nanjing. Kotun Tokyo, wadda ta yi wa shugabannin Japan shari'a bayan yaƙin, ta ce an kashe fiye da 200,000 a wurin, Sin na cewa 300,000. An tilasta wa mata daga Koriya da Sin da Filifin zama a gidajen lalata na soja. Yaƙin ya kai har ƙasar Bama (Myanmar ta yau), inda kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da sojojin Japan. Gwamnatin Japan ta nemi gafara, musamman a jawabin kakakin gwamnati Kono na 1993 kan matan nan da na firaminista Murayama ran 15 ga Agusta 1995. Abin da ke ɓata wannan shi ne ziyarar shugabanni wurin ibada na Yasukuni, inda tun 1978 ake girmama manyan masu laifin yaƙi 14 tare da sauran mamata.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hannun Amurka cikin wannan rabin tuban na Japan. A kotun Tokyo ta 1946 zuwa 1948 an rataye mutum bakwai, har da tsohon firaminista Tojo, amma Janar MacArthur, jagoran mamayar da Amurka ta yi wa Japan bayan yaƙin, ya kare Sarkin Japan Hirohito, wanda da sunansa aka yi yaƙin, don ya sami sauƙin riƙe ƙasar. To in an ce wanda ke sama ba shi da laifi, yaya za a ce wa talaka ya tuhumi kansa? Shiro Ishii da mutanensa na runduna ta 731, waɗanda suka gwada ƙwayoyin cuta a jikin fursunoni a Manchuria, Amurka ta bar su ba shari'a don su ba ta sakamakon gwaje-gwajensu. Nobusuke Kishi ya yi shekara uku a tsare bisa zargin laifin yaƙi, aka sake shi, ya zama firaminista a 1957. Shi ne kakan Abe. Dalili kuwa yaƙin cacar baka: kwaminisanci ya ci Sin a 1949, yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Amurka na buƙatar Japan kusa da ita. Kotun ba ta taɓa batun bam ba, kuma a shekarun mamaya an hana jaridun Japan buga cikakken labarin abin da ya yi wa mutane.

Nan amsar tambayarka take. A yarjejeniyar San Francisco ta 1951 Japan ta yafe duk wata diyyar yaƙi da za ta nema daga Amurka da ƙawayenta. Yau akwai sojojin Amurka sama da 50,000 a ƙasarta, kuma da makaman nukiliyar Amurka take samun kariya. In ta ce a ba ta haƙuri, za a taso mata da Nanjing. Shirun ya yi wa gwamnatocin biyu daɗi, waɗanda aka bari da ciwo su ne 'yan Sin da 'yan Koriya da waɗanda suka tsira daga bam. Dubban 'yan Koriya sun mutu a Hiroshima, da yawansu kawo su aka yi aikin dole, amma dutsen tunawa da su sai 1999 aka shigar da shi cikin dandalin zaman lafiya na birnin.

Kada ka ɗauka duk Japanawa sun yarda da wannan shiru. Masanin tarihi Saburo Ienaga ya yi shekara 32, daga 1965 zuwa 1997, yana shari'a da gwamnati kan goge ta'asar soja daga littafin makarantar da ya rubuta. Magajin garin Nagasaki, Hitoshi Motoshima, ya faɗa a 1988 cewa sarki na da alhaki a yaƙin, wani mai tsattsauran ra'ayi ya harbe shi a Janairun 1990, Allah ya yi da sauran kwanansa. Ƙungiyar waɗanda suka tsira, Nihon Hidankyo, ta sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 2024, kuma babban abin da take nema shi ne a kawar da makaman nukiliya baki ɗaya. Gwamnatin Japan ta taya ta murna, amma ba ta sa hannu a yarjejeniyar haramta makaman ta 2017 ba.